Murhun icce yana dawo mini da hayaƙi ɗaki: laifin murhu ne ko na bututu?

Tambaya: Na sayi murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi domin ɗumama falo lokacin sanyi. Wani mai walda ne ya saka mini shi, ya fitar da bututun ta bango a kwance, sannan ya ɗaga shi kamar mita ɗaya da rabi a waje. To duk sanda na buɗe ƙofar murhun sai hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, gilashin ya yi baƙi ƙirin tun a kwanakin farko, iccen kuma sai tsuwa yake yi, ba ya ci sosai. Da dare nakan cika shi maƙil in toshe hanyar iska don wutar ta kai safe. Murhun ne ba shi da kyau? Kuma zan iya haɗa icce da kwal don ya ƙara zafi?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin mayar da murhun ga wanda ya sayar maka. Abubuwan nan da ka lissafa, hayaƙi a ɗaki, baƙin gilashi da icce mai tsuwa, da wuya su zama laifinsa. Murhu akwatin ƙarfe ne da ke riƙe wuta, abin da ke sa shi aiki kuwa yana wajensa: bututun da ke jan hayaƙi, iccen da kake zubawa, da yadda hannunka ke ba wutar iska. A bayaninka duka ukun suna da gyara. Ɗaya daga ciki, wato cika murhu a toshe iska a je a kwanta, ina roƙonka ka bar shi tun daga daren yau. Zan faɗi dalili a gaba, amma shi ne ya fi saurin cin rai a cikin abin da ka rubuta.

Mu fara da bututu. Murhu ba shi da fanka, babu abin da ke tura hayaƙi waje sai bambancin nauyi. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, saboda haka wadda ke cikin bututu takan yi sama, tana hawa kuma tana jawo sabuwar iska daga ɗaki zuwa cikin wuta. Ƙarfin wannan ja ya rataya ne kan abu biyu: tsawon bututu a tsaye, da zafin hayaƙin da ke cikinsa. Naka gajere ne, wani sashensa a kwance yake, sauran kuma yana waje cikin sanyi. Hayaƙi ba ya son tafiya a kwance. Yakan yi jinkiri, ya huce, ya zubar da kunkunniyarsa a nan, kafin ya kai gwiwar da za ta ɗaga shi ƙarfinsa ya ƙare. Da ka buɗe ƙofar murhu, ka ba shi hanya mafi sauƙi, sai ya biyo ta.

Ba kai ka fara haɗuwa da wannan ba. Benjamin Franklin, wanda ya ƙera sanannen murhunsa na ƙarfe a Amurka a farkon shekarun 1740, ya tsara shi ne yadda hayaƙi zai gangara kafin ya hau, kuma nan ne aka fi kuka da shi: in bututun bai yi zafi ba, ba ya ja.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan harka sun mayar da darasin zuwa lissafi. Ƙa'idar gini ta Ingila tana ba da shawarar kada tsawon bututu ya gaza mita 4.5 daga murhu zuwa bakinsa, kada lanƙwasa ta wuce huɗu, kada kowace ta karkace fiye da digiri 45 daga tsaye, sannan abin da aka yarda ya kwanta a bayan murhu bai wuce santimita 15 ba. A Amurka kuma ana so bakin bututu ya ɗara wurin da ya huda rufi da ƙafa 3, wato kusan santimita 90, kuma ya ɗara duk wani abu da ke cikin tazarar mita 3 da shi da ƙafa 2. Dalilin wannan na biyu iska ce. Idan ta bugi tudun rufi ko wani dogon gini takan karyo ƙasa, in bakin bututunka yana ƙarƙashin inda take karyowa sai ta danna hayaƙin ciki. Bututun da ya tsaya a jikin bango, ƙasa da bakin rufi, kullum a wannan hali yake. Ka nemi dokar wurin da kake zaune, domin wasu wurare sai da izini da binciken hukuma ake saka murhu, kamfanonin inshora kuma sukan tambaya idan abu ya faru.

Abin da ya fi maka shi ne bututun ya tashi daga saman murhu ya miƙe tsaye ya huda rufi. In hakan ba zai yiwu ba, a fitar da shi ta bango a jirkice, kan digiri 45, a sa murfin shara a gwiwar waje, sannan duk sashen da ke waje ya zama mai riɓi biyu, wato ƙarfe ciki, ƙarfe waje, da abin riƙe zafi a tsakani. Ya fi tsada, na sani, kuma nan ne mutane suke son rage kuɗi. Amma bututu mai fata ɗaya a waje yana sanyaya hayaƙi ne kawai, ka ga ka kashe jan da kake nema da hannunka. Faɗinsa kada ya gaza bakin da murhun ya zo da shi, galibi santimita 12.5 ko 15. Kada kuma a yi amfani da bututun da aka shafa wa tutiya irin na kwano, domin idan ya yi zafi sosai tutiyar tana tashi a matsayin hayaƙi mai cutarwa.

Ga wani ɗan abu da masu walda da yawa suke juyawa. A kowace mahaɗa, bakin bututun sama ne ya kamata ya shiga cikin na ƙasa. Hankali yakan ce akasin haka, wai don kada hayaƙi ya fita, alhali bututun da ke ja iska yake zuƙa ta mahaɗa, ba hayaƙi yake fitarwa ba. Abin da ake gudu shi ne baƙin ruwan da ke gangarowa ta ciki. In an haɗa daidai, zai koma cikin murhu ya ƙone. In an juya, za ka gan shi yana tsiyaya ta jikin bututu daga waje, baƙi, mai yauƙi, mai warin da ba ya barin ɗaki. Je ka duba naka, in ka ga irin wannan zane a ƙasan mahaɗa ka san an juya.

Sai tazara. Bututu mai fata ɗaya yana son nisa da katako, silin, labule da duk abin da ke kamawa, ninki uku na faɗinsa: mai santimita 15 yana son santimita 45. Mai riɓi biyu yawanci santimita 5 ko 6 ya ishe shi, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta, shi ya sa shi kaɗai ake yarda ya ratsa silin ko rufi. Nisan jikin murhun da bango ma yana cikin takardarsa, a bi shi kamar yadda yake. Kada ka ce ai na taɓa katakon, ɗumi kawai yake yi. Katakon da ke shan zafi kullum yana bushewa ne yana komawa gawayi a hankali, har ya kai matsayin da zai kama da zafin da a da ba ya yi masa komai. Shi ya sa gidan da ya yi shekaru lafiya yakan tashi da gobara a wani dare da ba a yi wani sabon abu ba. Ƙasan murhu kuma a daɓe shi da abin da ba ya ci, siminti, dutse ko tayil mai kauri, ya fito aƙalla santimita 15 a gefe, santimita 30 a gaba, saboda garwashin da ke faɗowa idan an buɗe ƙofa.

Akwai gwaji guda da za ka yi ba tare da kashe ko sisi ba. Idan wuta tana ci, buɗe taga kaɗan, ka jira minti ɗaya, sannan ka buɗe ƙofar murhun a hankali. In hayaƙin ya ragu sosai, to ɗakin ne ba ya samun iska. Duk iskar da bututu ya fitar sai wata ta shigo ta maye gurbinta, gidan da aka liƙe ƙofofi da tagogi saboda sanyi kuwa ba ya barinta ta shigo. A Ingila murhun da ƙarfin zafin da yake bayarwa ya wuce kilowat 5 sai an huda masa kafar iska ta dindindin, milimita murabba'i 550 kan kowane kilowat da ya ɗara biyar ɗin, sababbin gidaje masu matsi kuma tun daga kilowat na farko ake lissafi. Fankar da ke zuƙe tururi a kicin ko banɗaki ma takan rinjayi bututu ta jawo hayaƙi baya. A lura da ita.

Yanzu batun dare. Wutar da aka hana iska ba mutuwa take yi ba, cin ciki take yi, kuma a wannan hali ne take fitar da iskar kabon monoksaid da yawa. Iskar nan ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana kama sinadarin jini da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, sai jiki ya shiga yunwar iska alhali mutum yana numfashi. Wanda yake farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, ya ɗauka mura ce. Wanda yake barci ba zai ji komai ba. To dubi yanayinka: tsakar dare wuta ta yi ƙasa, bututun da dama ba ya ja ya yi sanyi, jan ya tsaya ko ma ya juya, ƙofofi a rufe, iyali suna kwance. Saboda haka kafin ka sake hura murhun nan ka sayi na'urar ƙararrawa ta kabon monoksaid, ka maƙala ta a ɗakin da murhun yake, can sama a bango ko a silin, tsakanin mita 1 zuwa 3 daga murhu. A Ingila tun 2010 doka ce ga duk sabon murhun icce ko kwal da aka saka. Ba ita ce ƙararrawar hayaƙi ba, kowace da aikinta, kuma ana son duka biyun. In ta yi ƙara, ko mutanen gida suka tashi da ciwon kai tare wanda ke sauka idan an fita waje, a buɗe ƙofofi, kowa ya fita, a je asibiti a faɗi abin da ake zargi.

Mu koma kan icce, inda nake ganin rabin matsalarka take. Tsuwar da kake ji ruwa ne ke tafasa. Duba bakin guntun da ke cikin wuta, za ka ga kumfa tana fitowa. Iccen da aka sare ɗanye kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wani ma ya fi. Kilo 10 na irinsa yana ɗauke da ruwa kamar lita 5, kuma sai wutar ta tafasa wannan ruwa ta kore shi kafin ta ɗumama ka. Kamar mutum ne yana hura wuta da hannun dama yana yayyafa mata ruwa da hagu. A lissafi, kilo ɗaya na icce mai danshi kashi 20 cikin 100 yana ba da zafi kusan kilowat-awa 4, ɗanye kuwa wajen 2. Ka biya kuɗin icce, ka ɗauko nauyinsa, ka sami rabin amfani.

Asarar zafi ma ba ita ce babbar illa ba. Fiye da rabin ƙarfin icce ba a garwashi yake ba, yana cikin iskar da ke fita daga jikinsa idan ya ji wuta. Hayaƙin da kake gani mai ne da bai ƙone ba. Kafin ya kama sai cikin murhu ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyas kuma ya sami iska. Tururin ɗanyen icce yana hana wuta kaiwa nan, sai hayaƙin ya tafi yadda yake, ya manne a duk inda ya tarar da sanyi. A gilashi shi ne baƙin da kake gogewa. A cikin bututu, da zarar zafin hayaƙi ya sauka ƙasa da kamar digiri 120, yakan daskare ya zama wata irin kwalta da ake kira kiriyosot. Da farko gari ce mai laushi, sai ta zama ɓawo mai ƙyalli da ke ɓarewa, daga ƙarshe ta zama santsi mai tauri da buroshi ba ya cirewa. Ita ce ke kamawa a yi gobarar bututu, wadda zafinta kan haura digiri 1000. Ɗanyen icce, toshe iska, bututu mai sanyi: duk wanda ya haɗa ukun nan, kamar yadda ka haɗa, yana tara ta cikin makonni, ba sai shekara ba.

Abin da ake nema shi ne danshi kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Tun watan Mayun 2021 aka hana sayar da iccen da ya wuce haka a Ingila idan yawansa bai kai kubik mita 2 ba. Akwai ƙaramar na'ura mai allura biyu da ke auna danshi, amma akwai yadda ake amfani da ita: a faskara guntun, a soka alluran a sabon fuskar da ta buɗe. In ka auna ta waje ko a baki, za ta nuna maka busasshe alhali cikinsa jiƙe yake. In babu na'ura, ido da kunne suna taimakawa. Busasshen icce bakinsa a tsattsage yake, launinsa ya koɗe, ɓawonsa yana saki, ba shi da nauyi a hannu, in ka gwara biyu za ka ji ƙara mai kaifi. Ɗanye kuwa ƙararsa a dushe take, in ka faskara ka ɗora a kumatu za ka ji sanyi.

Icce ba ya bushewa a gungume. Sai an yanka shi daidai tsawon murhu, an faskara, an jera a kan wani abu da zai ɗaga shi daga ƙasa, a wurin da iska da rana ke ratsawa. A rufe samansa kawai, a bar gefe a buɗe. Wanda ya lulluɓe tarin iccensa da leda har ƙasa ya tsare danshin ne a ciki, ƙarshenta ruɓa da fumfuna. Itatuwa marasa nauyi, irin masu ganye kamar allura, sukan bushe cikin wata 6 zuwa 12, masu tauri da nauyi kuwa a ƙasashe masu sanyi da damshi sukan ci shekara 2. Ma'ana iccen bana na baɗi ne. Mai sayarwa zai ce maka busasshe ne, kuma wataƙila da gaske ya daɗe da sare bishiyar, sai dai jiya ya faskara ta.

Mutane suna yawan gardama kan wane icce ya fi zafi. Kilo da kilo, in duka busassu ne, bambancinsu kaɗan ne. Bambancin yana wajen cika: mai tauri ya fi nauyi a guntu ɗaya, don haka ya fi daɗewa ya bar garwashi mai kyau, marar nauyi kuma yana kamawa da wuri ya ƙare da wuri, shi ya sa ya dace da tada wuta. Ni dai a ba ni busasshen icce marar daraja a kan ɗanyen da ake yabo.

Ga yadda nake so ka riƙa hura shi. Buɗe duk hanyoyin iska. Kwantar da manyan faskare biyu ko uku a ƙasa da ɗan tsakani. Jera ƙirare a kansu, layi biyu ko uku, kowane layi ya gitta na ƙasansa. A can sama ka ɗora abin tada wuta ka kunna. Daga sama wutar za ta riƙa ci tana gangarowa. Ga wanda ya saba kunnawa ta ƙasa abin zai yi kama da wauta, amma duba abin da ke faruwa: harshen wutar yana kusa da bakin bututu, yana ɗumama shi tun a mintunan farko, kuma hayaƙin da manyan ke fitarwa dole ya ratsa ta cikin wuta kafin ya fita, sai ya ƙone. In bututun ya yi sanyi ƙwarai har kana jin iska tana sauko maka a hannu, ƙona ɗan murɗaɗɗen takarda kusa da bakinsa tukuna don jan ya miƙe. Fetur ko kananzir kuwa kada su kusanci murhu, ko da wasa.

Bayan minti 15 ko 20, idan manyan sun kama sun yi baƙi kuma harshe yana tashi sosai, rufe iskar ƙasa, ka riƙa sarrafa wutar da ta sama, wadda ke gangarowa ta bayan gilashi tana wanke shi. Rage ta a hankali, amma kada ka kai inda harshen wuta zai ɓace. Wannan ita ce iyakar: muddin akwai icce da bai zama garwashi ba, dole a ga harshe. A murhun zamani za ka ga wasu harsuna suna yawo a sama kusa da ƙananan ramukan da ke bango na baya, ba su taɓa icce ba. Hayaƙin ne ke ci, kuma shi ne abin da ka sayi murhun dominsa. Irin wannan ƙonewa ce ke sa murhu mai kyau ya ba ɗaki kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na zafin icce, inda buɗaɗɗen wurin wuta ke zubar da mafi yawansa ta bututu. Ita ce kuma dokokin hayaƙi suke bi: tun Janairun 2022 sababbin murhu a Tarayyar Turai da Birtaniya sai sun cika ƙa'idar rage hayaƙi, a Amurka kuma hukumar kare muhalli ta ƙara tsaurara tata a 2020. Fita waje ka ɗaga kai. In wuta tana ci daidai, ba za ka ga komai a bakin bututu ba sai rawar zafi. Ɗan ma'aunin zafi mai maganaɗisu da ake mannawa a bututu yana da amfani, a riƙe allurarsa tsakanin kamar digiri 150 zuwa 250. In ƙarfe ya fara ja, wuta ta yi yawa, ana lanƙwasa farantan ciki ne.

Ƙari kuma a yi shi a kan garwashi mai rai, guntu biyu ko uku, kada a cika har saman. Buɗe iska tukuna, sassauta ƙofar kaɗan na 'yan daƙiƙu, sannan ka buɗe ta gaba ɗaya. Fizgar ƙofa da sauri tana jawo hayaƙi ɗaki ko da bututu mai kyau ne.

To yaya za a yi da sanyin asuba? Yi wuta mai kyau da yamma, ƙari na ƙarshe ya zama icce mai tauri, ka bar shi ya ci da harshe har ya koma garwashi zalla, sannan ka rage iska. Ɗakin zai riƙe ɗumi na sa'o'i, da safe ka sake hurawa, minti biyar ne. Wanda yake son zafi har wayewar gari da gaske, akwai murhun da aka yi don haka. A Finland, Rasha da Ostiriya ana gina manyan murhu na bulo ko dutse, a yi wuta mai ƙarfi ta awa ɗaya ko biyu, ginin ya sha zafin ya riƙa sakinsa rabin yini ko fiye. Akwai kuma murhu masu wani abu kamar saƙar zuma a ciki da ke ƙona hayaƙi tun daga kamar digiri 260, su suna jure ƙaramar wuta mai tsawo. Ƙaramin murhun ƙarfe irin naka ba a yi shi don wannan aiki ba. Ban san girmansa ya dace da falon ba ko a'a sai ka auna: tsawo sau faɗi sau tsayi a mita, a raba da 14, a sami kilowat a ƙiyasce. Falo mai mita 5 da 4 da tsayi 2.5 bai kai kilowat 4 ba. Mutane sukan sayi babba don kada ya gaza, sai zafi ya ishe su su riƙa toshe iska kullum, a koma gidan jiya.

Batun kwal kuma, leƙa ƙasan murhun. In shafaffe ne babu raga, na icce ne kawai, kada ka sa kwal. Icce yana son ya zauna a kan toka, iska ta zo masa ta sama. Kwal yana son ragar ƙarfe, iska ta shigo ta ƙasa, tokar ta zube cikin faranti. In akwai raga da farantin toka, kuma takardar murhun ta ambaci kwal, za ka iya, amma nau'in da ba ya hayaƙi, kuma kullum a kwashe tokar kafin ta taɓo ragar, in ba haka ba ragar za ta rasa iskar da ke sanyaya ta ta narke. Haɗa su a wuta ɗaya ne ban yarda da shi ba. Kwal yana da farar wuta a jikinsa, icce yana kawo danshi, in suka haɗu a bututu sai su zama ruwan asid da ke cin ƙarfe ta ciki. Gawayi ma kada ka cika murhu da shi sai kamfanin ya yarda, zafinsa ya fi abin da aka ƙera yawancinsu don shi.

Abin da ba a sawa ko kaɗan: katako mai fenti, wanda tsohonsa kan ƙunshi dalma, katakon da aka jiƙa da maganin gara, musamman mai koren launi da ke ɗauke da sinadarin arsenik, falange da sauran allunan da aka haɗa da gam, iccen da teku ta kawo mai gishiri, roba, leda da shara. Gubarsu tana fita a hayaƙi, wata ta zauna a toka.

Tunda ka riga ka yi makonni kana ƙona ɗanyen icce a toshe, a kwance bututun nan a duba cikinsa kafin wuta ta gaba. In kaurin abin da ya manne ya kai milimita 3, sai an share. Nan gaba a riƙa sharewa aƙalla sau ɗaya a shekara, sau biyu ga mai hurawa kullum, a ciro farantin da ke saman cikin murhu a kakkaɓe, domin kunkunniya takan taru a kansa ta toshe hanya. Igiyar da ke zagaye da ƙofa ma a gwada ta: murhu a sanyaye, rufe ƙofar a kan takarda ka ja, in ta zare ba gardama igiyar ta mutu. Gilashi kuma, tsumma mai laima da aka dangwala a tokar icce yana fitar da shi, idan ya huce. In ranar tsautsayi ta zo ka ji bututu yana ruri, yana girgiza, tartsatsi na fita ta sama, rufe ƙofa da duk hanyoyin iska, fitar da kowa, kira 'yan kwana-kwana. Kada ka watsa ruwa cikin murhu, ƙarfen zai iya tsagewa, tururin kuma ya ƙona ka. Ko wutar ta mutu da kanta, ba a sake hurawa sai wanda ya san aikin ya duba bututun daga sama har ƙasa.

Toka kuma ka bar kamar santimita 2 ko 3 a ƙasan murhu idan icce kake ƙonawa, tana riƙe garwashi. Wadda ka kwashe ta shiga bokitin ƙarfe mai murfi, a kai shi waje nan take, a ajiye a kan ƙasa ko siminti nesa da bango da tarin icce. Garwashi yakan yi kwanaki da rai a cikin tokar da ake gani ta mutu, yana kuma fitar da kabon monoksaid, don haka bokitin ba ya kwana a ɗaki, ba a kuma juye shi a kwali ko kwandon shara sai ya yi kwanaki ya huce sarai.